Ka Zuba wa Rufin Nan Ruwa Kafin Damina

Nguru,
Jihar Barno.

Ɗana Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata ka sauka lafiya, motar nan mai hayaƙi ba ta lalace muku a daji ba. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe, Ya haɗa ka da abokan aiki na kirki. Innarka na gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko yajin ya isa bai zube maka a cikin tufafi ba. Iyakar labarin gida ke nan da za ka samu, don ba shi ya sa na nemi takarda ba.

Ranar da za ka tafi, da ka shigo zaure yi mini sallama, ka gaya mini magana na yi shiru. Kada ka ɗauka shirun nan yarda ne. Ana ta fitar da kayanka, ƙannenka na shiga suna fita, ni kuma ka san ni, magana mai nauyi ba ta fito mini a tsaitsaye. Ka ce an damƙa maka kula da babban ofishin jami'a, benen nan mai rufin kankare inda shugabanni da akawuna da masu buga tafireta suke wuni. Ka ce an gina shi lokacin da arzikin mai ke tashe, kuma tun daga nan fari ake yi, bai taɓa haɗuwa da damina ta gaske ba. Ka hau ka ga kwaltar da aka shimfiɗa masa ta tsattsage, rairayi ya taru a kowace kusurwa. Kana so ka sa a hau da ruwa a malala a kai, ka ga inda zai bi kafin na sama ya zo. Amma motar ruwa ɗaya ce ke zagaya makarantar, ɗalibai na bin ta da bokitai, kuma da ka taɓa wa maigidanka na wurin aiki maganar sai ya ce ginin bai taɓa yoyo ba, kada ka jawo musu bore. Saboda haka, in ji ka, ko dai ka kau da kai kamar yadda na gabanka suka yi, ko ka ajiye aikin ka dawo rumfar kawunka Alhaji Sabo ku riƙa auna ƙaro.

To, ban yarda da ko ɗaya ba. Ka zuba wa rufin nan ruwa kafin damina ta faɗi. Zan gaya maka dalili, dalilin kuwa a kaina ya faru.

Kana ƙarami lokacin da nake heluma, wato shugaban leburori, a Gashua, ina kula da wani tsohon ofishin hukuma. Soro ne mai rufin azara da ƙasa, an yi masa silin daga ciki don ya yi kama da ofis. A hannun Baba Mele na koyi aikin, wani tsohon magini Bamange mai ƙaramin jiki da babbar murya. Kowace shekara in bazara ta kama mukan hau mu share rufin, mu cike tsaga, mu yi sabon yaɓe, mu bar shi ya sha rana. In ya bushe sai in tsaya ina yaba aikina, in ce, "Baba, ai ya yi." Shi kuma sai ya ce, "Kai ka ce ya yi. To, bari mu tambayi ruwa." Sai a kira 'yan garuwa su yi ta hawa tsani suna juyewa, mu kuma muna bin ruwan da ido. Inda ya tsaya ya kwanta, mu cike. Inda ya nutse, mu tone mu sake. Indararon da ya ƙi zubarwa, mu zura masa sanda har sai ya saki. Baba Mele ya rasu, aikin ya dawo hannuna, na ci gaba da yi yadda ya bari, har aka shiga farin nan na farko, wanda ya ƙarar da shanu.

Kai ba za ka tuna da kyau ba. Kogin Gashua ya tsinke ya koma 'yan kududdufai masu kore, rijiyoyi suka yi ƙasa, guga kullum sai an ƙara masa igiya. Mutanen arewa, daga wajen Kumagannam har tsallaken iyaka, suka gangaro da abin da ya rage musu na dabbobi, wasu suka ya da zango a gindin itatuwan da ke bayan ofishinmu. A wannan shekarar ma na yi yaɓe, na kira 'yan garuwa kamar kullum, ban kawo komai a raina ba. Muka fara da gefen gabas. Ruwa ya bi hanyarsa ya fita ta indararo yana zuba a rairayi, ina ta jin daɗi. Sai na ga wata tsohuwa daga cikin baƙin nan ta taho da sauri da ƙwarya, ta tara a ƙarƙashin indararon, ruwan kuwa ja wur da ƙasa. Da ƙwaryar ta cika sai ta ɗaga kai ta dube ni.

"Kai na sama," in ji ta, "kai Musulmi ne?"

Na ce, "Musulmi ne, Iya."

Ta ce, "Jiya na baro akuyata ta ƙarshe a hanya, ƙishi ya kashe ta. Kai kuma ga ka nan kana shayar da ɗaki."

Habu, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi kuwa ina kan soro, ba wurin ɓuya. Na ce wa 'yan garuwa su sauka, duk abin da ya rage a raba wa mutanen nan. Har gobe ba na nadamar wannan, ko yau aka sake zan ba su. Kuskurena shi ne ban koma ba. Ga kududdufan kogi can, ruwan da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Da na tura amalanke an ɗebo, da na gama gefen yamma ban hana kowa kurɓa ɗaya ba. Amma kunya ta toshe mini tunani, ko tsanin na gani sai in ji muryar tsohuwar nan. Shekara ta zagayo, na hau na share, na duba da ido, na ce ya yi. Ɗaya daga cikin leburorina ya ce, "Heluma, ba za a zuba ruwa ba?" Na ce masa, "Ina ruwan saman da muke tsoro? Soron nan bai taɓa yoyo ba." Ka ji, maganar da maigidanka ya faɗa maka ni na riga shi faɗinta, shi ya sa ba za ka ji na zage shi ba.

Sai Allah Ya sauko da rahamarsa. Wata ranar aiki ce, bayan azahar, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki sowa, manya ma suna fita suna tsayawa a ciki da rigunansu. Ni ma ina bakin rumfar kafintoci ina dariya, ina hango ofishin daga nesa. Indararon gabas na ta feshi, na yamma kuwa ko ɗigo. Na ɗan jima ina kallonsa kafin kaina ya gaya mini abin da nake gani: ruwan da bai sauko ba yana can sama a zaune. Na zura da gudu, takalmina ɗaya ya tsaya a taɓo, ina ihu a fito, a fito. Ban kai ƙofa ba na ji ƙarar.

Ɗakin yamma na Malama Rifkatu ne, mai buga tafireta, mutuniyar ƙasar Filato, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. In tana aiki, daga bakin titi kana jin yatsunta. Azara ta karye ta sauko da jiƙaƙƙiyar ƙasa a kan kafaɗarta ta dama da hannunta. Da hannuwanmu muka tone ta. Bayan an ɗauke ruwa na hau abin da ya rage na rufin na fasa indararon nan, sai ga gidan zanzaro da tsohuwar sheƙar kurciya sun haɗu sun daskare can ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ko garwa ɗaya ta ruwan kududdufi ta isa ta nuna mini su.

Na je duba ta a asibiti, na tsaya a bakin gado. Ita ce ma ta ce, "Baba Heluma, ka zauna mana. Ai ba kai ka yi ruwan sama ba." Hukuma ma haka ta ce, ikon Allah ne, ba wanda ya tuhume ni. Ikon Allah ne, ban musa ba, amma Allah ɗin Ya ba ni tsani da garwa da sanin abin yi. Yatsunta ba su sake lanƙwasuwa ba, aikin ya gagare ta. Ka san ta, daga baya ta taho nan Nguru, ita ce mai tuyar ƙosai a bakin tashar jirgi, wadda ke juyawa da hannun hagu. Ba ta taɓa yi mini kallon banza ba, kullum ita ke fara gaishe ni.

Saboda haka ka saurare ni. Kunyar ɗaliban nan masu bokitai da ta kama ka, a wurina ka gaje ta, kuma ba mugun abu ba ce. Mutumin da zai malalar da ruwan sha a gaban mai ƙishi bai ji komai a ransa ba, ba na so ya zama ɗana. Kada ka taɓa motar ɗalibai. Amma kada kunya ta tsayar da kai a inda ta tsayar da ni. Makaranta mai girma haka ba ta rasa ruwan da ba a sha, ko na wanke-wanken kicin, ko na wankin tufafi, ko wanda ya kwanta a ramin masu buga bulo. Ka tace shi da buhu don kada shi ma ya toshe maka bututu, ka tara a ganguna, a yi ta hawa da shi. Ka ajiye wasu gangunan a ƙasa inda bututun ke fitarwa, abin da ya sauko a sake hawa da shi, in an gama a ba itatuwa. Wahala ce, leburorinka za su yi ta gunaguni, ka ɗauki bokitin farko da kanka su gani.

Kankare ban san shi ba kamar yadda ka san shi. Kai ka karanta shi, ni ƙasa da azara na sani. Amma ka ce naku bututun a cikin bango aka binne shi, wannan ya fi ba ni tsoro, don indararo ko daga nesa ana gane wanda ya yi shiru, naku kuwa sai bango ya sha ya ƙoshi sannan ya nuna. Ka kuma ce kankare ba ya rushewa kamar soro. Na ji. Silin fa? Wayar lantarki fa da ke bi ta cikinsa, da fanka a rataye, da mutum a zaune a ƙarƙashi? Kai ka fi ni sanin amsar, shi ya sa maganar ta hana ka sakewa har ka kawo mini ita.

Akwai kuskurena na biyu, wannan in na tuna har dariya nake yi, ko da yake a lokacin ba abin dariya ba ne. Bayan abin da ya faru aka mai da ni wani ofishin hukuma a nan Nguru, na zo da zafin kai, na rantse ba rufin da zai sake wuce ni. Bazara na kamawa na sa aka ɗebo ruwan tafki, na kafa tsani da hantsi, ban gaya wa kowa ba. Ban aika gidajen da ke maƙwabtaka da ofishin ba, alhali kowane magini ya san ba a hawa soro sai an aika an faɗa, don mata su kimtsa a tsakar gida. Ban kuma gaya wa na cikin ofis ba. Muka malala ruwa, ashe akwai tsaga daidai saman kujerar Sakatare. Yana zaune da baƙi, cikin farar shadda, sai ga koren ruwa mai ƙarnin kifi ya sauko masa ta silin. Ya fito yana yarfe hula, ya ɗaga kai ya ce, "Isa! Wa ya sa ka?" Maimakon in sauko in ba da haƙuri, sai na tsaya a sama, hannu a ƙugu, na ce, "Ranka ya daɗe, gara wannan da azara." A gaban baƙinsa fa, a gaban masinjoji. Kafin in sauko ga mai unguwa ya iso da masu gidajen nan, kowa na faɗin abin da ya zo bakinsa.

Gaskiya na faɗa, tsagar kuma tana nan, amma aka dakatar da ni daga aiki, aka hana kowa hawa rufin har na dawo. Ka ga, da ruwa ya zo a tsakanin nan, da zafin kaina ya yi ɓarnar da kunyata ta yi. Sa'a kawai na ci, damina ta yi jinkiri a shekarar.

To, kai kada ka bi ta nan. Ka sami maigidanka shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba, ka gaishe shi yadda ya kamata. Kada ka nuna masa ya yi kuskure. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ba ruwan sha nake nema ba, izini nake nema, in wani abu ya ɓaci a kaina yake." In ya yarda ya hau tare da kai ya ga kwaltar da idonsa, ka gama rabin aiki. In ya ƙi, ka koma, ka sake komawa, har ya gaji da ganin fuskarka. Ka kira shugabannin ɗalibai ka nuna musu ruwan, su sunsuna da hancinsu, don kada wani ya hango daga nesa ya kai labarin da ba shi ba. Sannan ka bi ɗakunan saman benen ɗaya bayan ɗaya, ka gaya wa masu zama a ciki ranar da za a yi, su kwashe takardu, su lulluɓe tafireta, a kashe wuta. Ka ba kowa alli ka ce ya zuba wa silin ɗinsa ido, inda ya ga ya jiƙe ya yi alama a ƙasa daidai wurin. Mutumin da ka ba alli ba zai kai ƙararka ba, don aikin ya zama nasa. Kuma in ka shiga ɗakunan nan kada ka tsaya kallon sama kawai, ka tambayi sunayen mutanen, ka dube su sosai, su ne ke ƙarƙashin abin da aka ba ka amana.

In ruwa ya nuna maka ɓarna aka ce babu kwalta a sito, na san halin da ake ciki, ko'ina haka ake cewa yanzu. Kada wannan ya sa ka naɗe hannu. Buɗe bututu ba ya bukatar komai sai sanda da waya da haƙuri, kwashe rairayi kuma tsintsiya ce da kwando. Ɗakin da ka ga ba zai gyaru bana ba, ka nemi a tayar da masu zama a ciki, ko a baranda ne su zauna. Za su yi maka tsaki, ka bar su su yi.

Kawunka ya zo nan bayan tafiyarka, muka zauna a zaure, ya ce, "Malam Isa, yaron nan ya sha karatu, a ce ya ƙare a sharar rufi da gyaran famfo? Ka bar mini shi, ka ga yadda zai zama mutum."

Na ce, "Alhaji, na gode, Allah Ya bar zumunci. Yana da aiki a hannu."

Ya ce, "Yaushe zai gama?"

Na ce, "In damina ta wuce."

Bai ji daɗi ba, innarka ma ta wuni ba ta yi mini magana ba, ɗan'uwanta ne, kuma tana so ta riƙa ganinka kusa. Ban ga laifinsu ba. Aikinmu ba shi da biki, na sani. Wanda ya gina sabo shi ake kira ranar buɗewa a tafa masa, wanda ya hana tsoho zubewa kuwa ba wanda ya san ya yi wani abu, don in ka yi aikinka daidai ba abin da ke faruwa. Ciniki kuma sana'a ce ta mutunci, ita ta kawo kakanninka garin nan daga Haɗeja. Ban hana ka ba. In kaka ta yi ka ga ranka ba ya son aikin, ka ajiye, ni da kaina zan kai ka rumfar. Amma ba yanzu ba, ba bayan ka hau ka gani da idonka ba. Wanda za a kawo a madadinka kafin ya gano ƙofar hawa rufin an yi shuka an yi noman farko, mutanen nan kuwa suna nan zaune a ƙasa.

Kada kuma ka ce mini ai bana ma fari za a yi. Wataƙila. Ba ni da labarin sama, kai ma ba ka da shi. Amma kullum muna masallaci muna roƙon ruwa, abin kunya ne a ce Allah Ya amsa ya same mu ba mu shirya ba.

Na san abin da kake tsoro, kuma ba zan ce maka ba zai faru ba. Mai yiwuwa a ce ka cika rigima, mai yiwuwa ma a sallame ka, a wannan zamanin da ake rage ma'aikata ba a neman dogon dalili. To, ka ji abin da na yanke. In aka kore ka don ka zuba wa rufin nan ruwa, ka aiko a gaya mini motar da za ka hawo. Zan je tasha in jira ka, in ɗora akwatinka a kaina, da furfurata da wannan gwiwar tawa, in ratsa tsakiyar kasuwa da shi kana biye da ni, duk wanda ya tambaya in gaya masa abin da ɗana ya yi. In kuwa ka taho ka bar shi yadda ka same shi, gidanku ne, ba mai rufe maka ƙofa, tuwonka na nan. Amma ka shigo da kayanka da kanka, ba za ka same ni a tasha ba.

Allah Ya dafa maka, Ya tsare ƙafarka a kan tsani, Ya tsare waɗanda ke ƙarƙashinka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa ta zo ta same ka ka gama. Ka riƙe salla, ka riƙa cin abinci. Wassalam.

Mahaifinka,
Isa Heluma